Suna Ɗaya, Kamfani Biyu

Bayani domin Hakimai da Magatakardansu a kan rigimar alamar ciniki

Kowane Hakimi ya san ƙarar iyakar gona. Mutum biyu su zo gabansa, kowa ya ce kukar da ke tsakaninsu a cikin gonar ubansa ta ke. Sai a kira dattawan gari, a tambayi wanda ya fara sassabe wurin, a je a duba inda aka dasa gamba tun zamanin kakanni. Akwai wata ƙara mai kama da wannan wadda manyan kamfanonin duniya su ke kai wa gaban alƙalai, har su yi shekaru arba'in ko fiye ba su gama ba. Abin da su ke jayayya a kansa kuwa suna ne. Kamfani biyu su tashi da suna ɗaya, kowanne ya ce shi ke da ikon buga sunan a jikin kayansa.

An shirya wannan bayani ne domin irin wannan magana ta soma isowa ƙofar Hakimai. Masu gidan burodi, da masu ruwan leda, da masu casar shinkafa sun yawaita a gundumomi, kuma sau da yawa akan sami biyu sun ɗauki suna ɗaya. Kafin su nufi kotu, wurin Hakimi su ke fara zuwa. Ya kamata Hakimi da Magatakardansa su san yadda shari'a ke duban al'amarin, da abin da ya sami waɗanda su ka riga mu shiga cikinsa.

Abin da a ke nufi da alamar ciniki

Alamar ciniki ita ce suna, ko hoto, ko waɗansu haruffa, da mai sana'a ya ke sa wa kayansa domin mai saye ya bambanta su da na wani. 'Yan kasuwa kan ce tambari, waɗansu su ce lamba. Mutumin ƙauye da bai iya karatu ba ya san amfaninta sarai, gama in ya shiga kanti cewa ya ke yi a ba shi mai zakara, ko mai tauraro, ba kuwa zai karɓi wani ba ko da an rage masa kuɗi. Wannan yarda da mai saye ya ba alamar ita ce dukiyar da doka ta ke tsarewa. Wanda ya ɗauki alamar wani ya yi laifi biyu: ya ci guminsa, ya kuma ruɗi jama'a.

Amma fa doka ba ta ba kowa suna ɗungum. Suna yana da iyaka biyu, kamar yadda gona ta ke da gabas da yamma.

Ta fari ita ce iyakar ƙasa. Rajistar da aka yi a Ingila ba ta aiki a Nijeriya, ta Nijeriya kuma ba ta aiki a Gana. Tun cikin shekarar 1883 ƙasashe su ka ƙulla yarjejeniya a birnin Paris cewa kowace ƙasa za ta tsare alamar baƙo kamar yadda ta ke tsare ta ɗan ƙasa, amma duk da haka rajistar kowace ƙasa zaman kanta ta ke yi. Ta biyu ita ce iyakar sana'a. A wani taro da aka yi a garin Nice na ƙasar Faransa a 1957 aka shirya tsarin kasa kayayyaki kashi kashi, yanzu kashin ya kai 45, watau 34 na kaya, 11 na ayyuka. Mai rajista sai ya faɗi kashin da ya ke so. Shi ya sa a ke da sabulu mai suna Dove na kamfanin Unilever, a ke kuma da cakulan mai suna Dove na kamfanin Mars, kowa yana cinikinsa. Ba wanda zai je sayen sabulu ya komo da alewa bisa kuskure.

Muddin iyakokin nan biyu suna nan inda aka kafa su, zaman lafiya a ke yi. Rigima tana tashi ne ran da ɗaya ta gusa.

Labarin gidan Merck

Babu misalin da ya kai na Merck nuna yadda iyakar ƙasa ta ke, domin a nan ba wanda ya saci sunan wani. Kamfanonin biyu gida ɗaya su ka fito.

A shekarar 1668 wani mai haɗa magunguna, Friedrich Jacob Merck, ya mallaki wani kantin magani a garin Darmstadt na ƙasar Jamus. Kantin ya yi ta bin gado har ya zo hannun Emanuel Merck, wanda a 1827 ya soma tace magunguna daga tsirrai da yawan gaske yana sayar wa sauran masu kanti. Daga nan kanti ya zama masana'anta. Da ciniki ya bunƙasa har hayin teku, sai a 1891 jikan Emanuel, mai suna George Merck, ya zauna a New York ya kafa reshe, aka kira shi Merck & Co. Ya zama ɗan ƙasar Amurka, ya gina masana'anta a garin Rahway na jihar New Jersey, amma mafi yawan jarin na 'yan'uwansa ne da ke Darmstadt.

Ana nan sai Yaƙin Duniya na Farko ya tashi. Cikin watan Afrilu na 1917 Amurka ta shiga yaƙi da Jamus, ta kuma yi doka ta ƙwace dukiyar Jamusawa da ke ƙasarta. Jarin mutanen Darmstadt ya faɗa hannun ma'aikacin da aka naɗa domin riƙon dukiyar abokan gaba. A 1919 Gwamnati ta sa jarin a kasuwa, George Merck ya saye shi da taimakon waɗansu bankunan New York. Tun daga ranar reshe ya rabu da uwa. Aka wayi gari da kamfani biyu, kowanne mai cin gashin kansa, dukansu masu yin magani, dukansu Merck, kowanne kuma da gaskiyarsa in ya ce sunan kakansa ne.

To, yaya za a yi? Sai su ka bi hanyar da magada kan bi in gona ta zama ta mutum biyu, watau rabo. Sun yi yarjejeniya a 1932, amma a 1945 wata kotun Amurka ta rushe ta, domin dokar ƙasar ta hana kamfanoni haɗa baki su raba kasuwa tsakaninsu. Su ka sake wata a 1955 wadda ta tsaya a kan maganar suna, su ka sabunta ta a 1970, su ka ƙara mata bayani da wata wasiƙa a 1975. Gundarin abin da su ka shirya shi ne, a Amurka da Kanada sunan Merck na kamfanin Amurka ne. A kusan dukan sauran duniya na kamfanin Jamus ne. In na Amurka zai yi ciniki a wajen yankinsa, sai ya tafi da sunan Merck Sharp & Dohme, domin a 1953 ya haɗu da wani kamfani mai suna Sharp & Dohme, a taƙaice kuma a ce MSD. In kuwa zai rubuta cikakken sunansa na rajista, tilas ya haɗa da adireshinsa na Amurka, yadda mai karatu zai san ko wane Merck ne. Shi ma na Jamus in ya shiga Amurka ko Kanada ba ya tafiya da sunan tsurarsa. Haruffan da ya ke amfani da su can su ne EMD, watau Emanuel Merck, Darmstadt.

Wannan rabo ya shafe mu nan, ko da ya ke da wuya mutum ya lura. Hakiman da ƙasarsu ke bakin kogi sun san maganin Mectizan, wanda a ke rabawa gida gida, ana auna tsawon mutum da sanda, domin ciwon makantar da ƙudan kogi ya ke kawowa. Kamfanin Amurka ne ya ke ba da shi kyauta tun 1987. Sun kuma san ƙwayar maganin tsargiya da a ke ba 'yan makaranta, ita ma da awon sanda. Kamfanin Jamus ne ya soma ba Hukumar Lafiya ta Duniya kyautar irin wannan ƙwaya a 2007. A Nijeriya na farko sunansa MSD, na biyu shi ne Merck. Magatakardan da ya rubuta wasiƙar godiya a kan Mectizan ya aika Darmstadt, ya gode wa wanda bai yi masa kyautar ba.

Shekaru da yawa rabon ya zauna daram, domin a zamanin da aka yi shi kwalin magani da takardar talla ba su ƙetare iyaka sai an ɗauke su an kai. Ma'aikacin kwastan yana iya tsare akwati. Da intanet ta zo sai al'amari ya rikice. Kamfanin Amurka ya riƙe adireshin merck.com, abin da ya ke daidai ne a ƙasarsa, amma shafin ba ya tsayawa a bakin teku. Likita a London, ko a Kano, in ya rubuta sunan a kwamfuta, shafin Amurka ya ke tararwa, alhali kuwa a inda ya ke zaune sunan na Jamus ne. Har a dandalin Facebook sun yi karo. A 2011 kamfanin Jamus ya kai kuka wata kotun New York cewa shafin da ke ɗauke da sunan Merck, wanda ya ce shi aka ba tun 2010, ya koma hannun takwaransa. Masu Facebook su ka ce kuskuren ofis ne, su ka ba da haƙuri, su ka rufe adireshin ga dukansu biyu sai sun daidaita.

A 2013 kamfanin Jamus ya shigar da ƙara a Babbar Kotun London. Abu na farko da aka yi jayayya a kai shi ne dokar wace ƙasa za a bi wajen fassara yarjejeniyar, aka yanke a 2014 cewa dokar Jamus ce. Cikin watan Janairu na 2016 Alƙali Norris ya yanke cewa kamfanin Amurka ya saɓa yarjejeniyar 1970, ya kuma shiga haƙƙin alamar takwaransa a Ingila. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da maganar saɓa alkawari a 2017, ta mai da waɗansu sassa a sake dubawa, a 2020 kuma kotun farko ta sake samun kamfanin Amurka da laifin shiga alamar. Shi kuma na Amurka bai zauna ba, a 2016 ya kai tasa ƙarar wata kotu a New Jersey, yana cewa na Jamus ne ke shigar masa yanki da sunan.

Akwai abu biyu cikin hukuncin London da su ka cancanci a tsaya a kansu. Na ɗaya, waɗanda su ka rubuta yarjejeniyar 1970 ba su ambaci intanet ba, gama babu ita a lokacin, amma kotu ba ta ce don haka takarda ta mutu ba. Ta dubi abin da masu alkawarin su ka nufa, watau kada a ruɗa su a idon jama'a, ta ɗora shi a kan sabon abin da ya zo. Na biyu, kotu ba ta ce duk shafin da a ke iya gani daga Ingila ya yi laifi ba, domin in haka ne ba wanda zai tsira. Abin tambaya shi ne ko mai shafin ya nufi mutanen Ingila da shi, kamar a ce ya sa labarin da ya shafe su musamman, ko sanarwar guraben aiki a ƙasarsu. Muryar mai talla takan ƙetare katanga ba da nufinsa ba. In ya juyo ya fuskanci gidan maƙwabci yana kira, wannan kuma wata magana ce.

Akwai wani kamfanin Jamus da irin wannan ƙaddara ta faɗa wa, watau Bayer mai maganin asfirin. Shi ma an ƙwace reshensa na Amurka a yaƙin, aka sayar wa kamfanin Sterling a 1918 tare da suna da tambari. Bayer bai sami sunansa a Amurka ba sai a 1994, sa'ad da ya sayi wannan sashen ciniki a kan dala miliyan 1,000. Shekara 76 ke nan. Merck bai sami irin wannan mafita ba, domin kamfanonin biyu kowanne ƙato ne, ba kuwa wanda ya ke da niyyar sayar da sunan kakansa.

Tuffa biyu

Wancan labari na iyakar ƙasa ne. Ga na iyakar sana'a.

A 1968 mawaƙan nan huɗu na Ingila da a ke kira Beatles su ka kafa kamfani a London domin buga faya-fayan waƙoƙinsu, su ka sa masa suna Apple Corps, tambarinsa kuma koriyar tuffa, gama ma'anar kalmar ke nan da Turanci. A 1976 waɗansu samari a Kalifoniya, Steve Jobs da Steve Wozniak, su ka kafa kamfanin ƙera kwamfuta, su ka kira shi Apple Computer, su ma da hoton tuffa. Mawaƙan su ka kai ƙara a 1978. Aka sasanta a 1981: masu kwamfuta su ka biya dala 80,000, su ka ɗauki alkawari ba za su shiga sana'ar kiɗa da waƙa ba, mawaƙa kuma ba za su shiga sana'ar kwamfuta ba. A ganin kowa a lokacin, wannan sharaɗi mai sauƙin cikawa ne. Ina ruwan akwatin lissafi da garaya?

Ba a yi shekara goma ba sai ga kwamfutocin Apple suna iya ɗaukar sauti, mawaƙa kuma suna haɗa su da kayan kiɗansu. Aka koma kotu a 1989. A 1991 aka sake sulhu, wannan karo kuɗin ya kai wajen dala miliyan 26 da rabi, aka kuma sake jan iyaka: mawaƙa su riƙe tuffa a kan waƙa ita kanta da abin da aka buga ta a kai, masu kwamfuta su riƙe ta a kan na'urori da hanyoyin isar da saƙo. A 2001 Apple ya fito da 'yar na'urar sauraron waƙa mai suna iPod, a 2003 ya buɗe kantin sayar da waƙoƙi ta intanet mai suna iTunes. Ƙara ta uku ke nan. Da aka kawo ta gaban Alƙali Mann a London, sai da ya fara gaya wa lauyoyi cewa shi ma yana da iPod, ko akwai mai ƙin ya saurari ƙarar. Ran 8 ga Mayu 2006 ya yanke cewa masu kwamfuta ba su saɓa ba, domin tuffarsu a kan ƙofar kanti ta ke, ba su ce waƙoƙin da ke ciki nasu ba ne.

A watan Fabrairu na 2007 aka kashe maganar gaba ɗaya. Kamfanin kwamfuta, wanda a wannan shekara ya cire kalmar Computer daga sunansa, ya mallaki dukan alamun tuffa, sa'an nan ya ba mawaƙan izinin ci gaba da amfani da nasu. Watau wanda ya riga kafa suna ya koma mai aro a hannun wanda ya zo daga baya, da yardarsa. A 2010 waƙoƙin Beatles su ka shiga kantin iTunes. A ganinmu kuskuren 1981 ba na lauyoyi kaɗai ba ne. Sun ja iyaka a kan abin da sana'o'in biyu su ke a ranar, ba su rubuta abin da za a yi ba in ɗaya ta girma ta tarar da ɗaya.

Ƙarami da babba

Kada a zaci kullum mai kuɗi ne ke cin nasara ɗungum. A wani ƙaramin gari mai suna Mattoon a jihar Illinois ta Amurka, wani mutum da matarsa su ka buɗe gidan abinci a 1957 su ka kira shi Burger King, su ka yi masa rajista a ofishin jiharsu a 1959. Ashe akwai wani kamfani a jihar Florida da ya riga su sunan, yana ta buɗe rassa, a 1961 kuma ya sami rajistar Gwamnatin Tarayya, wadda ta game ƙasa duka. Da rassansa su ka yawaita a Illinois sai aka je kotu. A 1968 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa rajistar Tarayya ta fi ta jiha ƙarfi, saboda haka jihar ta babban kamfani ce, amma ban da inda mutanen nan biyu su ka riga su ka yi suna. Aka zana musu da'ira, mil 20 ko ta ina daga Mattoon, aka hana babban kamfani kafa reshe a ciki. Sun tsira da garinsu. Da sun yi rajistar ƙasa tun da wuri, da wataƙila abin da za su riƙe ya fi haka.

Yadda abin ya ke a Nijeriya

Mu ma muna da tsohuwar ƙara a kan wannan. A 1961 wani kamfanin sayar da magani mai suna Niger Chemists, wanda ya daɗe yana ciniki a Onitsha da waɗansu garuruwan Gabas, ya kai ƙarar waɗansu da su ka buɗe kanti a kan titi ɗaya da shi a Onitsha su ka kira shi Nigeria Chemists. Sunayen ba ɗaya ba ne harafi da harafi, amma Alƙali Palmer ya hana na biyu amfani da nasa, domin sana'a ɗaya ce, wuri ɗaya ne, mai saye kuma yana iya ruɗewa. A irin wannan ƙara ba lalle ne mai ƙara ya tabbatar da mugun nufi ba. Ya isa ya nuna cewa jama'a sun san shi da sunan, kuma za a iya ɗaukar kayan wani a kan nasa ne.

Dokar Alamun Ciniki da a ke aiki da ita an yi ta a 1965. Ofishin rajista yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. In mutum ya nemi rajista, akan bincika ko akwai mai irin alamar a wannan kashi, sa'an nan a buga ta a mujallar ofishin, a jira wata biyu ko akwai mai jayayya. In babu, a ba shi takardar shaida. Rajistar farko ta shekara 7 ce, bayan haka a riƙa sabuntawa kowace shekara 14. Alamar da aka bari shekara 5 ba a yi ciniki da ita ba, ana iya neman a soke ta. Ƙarar da ta shafi alama mai rajista kuwa Babbar Kotun Tarayya a ke kai wa.

Ga inda mutane da yawa su ke yin tuntuɓe. Rajistar sunan kamfani daban ta ke da rajistar alamar ciniki. Ta farko Hukumar Rajistar Kamfanoni ce ke yin ta, wadda aka kafa a 1990, kuma hukumar takan ƙi sunan da ya yi daidai ko ya yi kama ƙwarai da na wani kamfani da ke littafinta. Amma takardarta shaida ce cewa kamfani ya kafu da wannan suna, ba ita ce ke ba shi ikon hana wani buga kalmar a jikin buhu ko leda ba. Mutum yakan zo da takardar hukumar nan a hannu yana cewa suna nasa ne ko'ina, alhali abokin jayayyarsa ne ke da rajistar alamar. Magatakarda ya dubi kan takardar da kyau ya ga ko wane ofishi ne ya ba da ita.

Dokar 1965 ta kuma bar ƙofa uku ga mai gaskiya. Wanda ya riga mai rajista soma amfani da alama, bai kuwa daina ba, ba za a hana shi ci gaba ba. Wanda ya ke ciniki da sunansa na yanka, ko sunan wurin sana'arsa, da zuciya ɗaya, ba a hana shi. In kuma an tabbata mutum biyu sun daɗe suna amfani da alama ɗaya ba tare da ha'inci ba, ana iya yi wa dukansu rajista, a gindaya wa kowa sharaɗin wuri ko na irin kaya. Wannan ƙofa ta tsakiya tana da muhimmanci a ƙasar Hausa, inda sunaye kamar Alheri, da Nasara, da Albarka su ke kan allon kanti a kowane gari, inda kuma mutum goma a unguwa ɗaya za su amsa suna ɗaya.

Masu kai kaya hayin iyaka su tuna rajistar Abuja ba ta bin su zuwa Maraɗi ko Damagaram. Nijar, da Cadi, da Kamaru suna cikin wata ƙungiya ta ƙasashe 17 mai ofishi a Yawunde, inda rajista ɗaya ta ke game dukan ƙasashen ƙungiyar. Nijeriya ba ta ciki.

Abin da Hakimi zai iya yi

Hakimi ba shi da ikon yanke hukunci a kan alamar ciniki, kada kuwa ya ba da umurnin a rufe kantin wani ko a kankare allonsa. Amma sulhu aikinsa ne tun asali, kuma dukan manyan rigingimun da aka ambata a sama, in ban da kaɗan, a kan takardar sulhu su ka tsaya ko su ka ƙare. In mutum biyu sun zo, a fara da tambayar da a ke yi a ƙarar gona: wa ya riga? Shaidar baki tana da amfani, amma rasit mai kwanan wata, da takardar haraji, da tsohon buhu mai ɗauke da sunan, sun fi ta ƙarfi in magana ta kai kotu. Sa'an nan a tambayi kowa irin kayan da ya ke sayarwa da kasuwannin da ya ke kaiwa. Sau da yawa za a tarar ba su taɓa haɗuwa a kasuwa ɗaya ba, fushi ne kawai na jin wani ya ɗauki sunan.

In sun yarda su raba, Magatakarda ya rubuta cikakken sunan kowane kamfani da adireshinsa da lambar rajistarsa, kada ya taƙaita. Ya rubuta irin kayan kowa, da garuruwan kowa, da kalmar da kowa zai ƙara a gaban sunan ko bayansa domin a bambanta su, da launin da kowa zai buga a leda. Ya tambaye su, tun suna gaban Hakimi, abin da za a yi in mai burodi ya soma yin ruwan leda, ko in ɗaya ya buɗe reshe a garin ɗaya, ko ya soma talla a rediyo da wayar hannu inda kowa ke ji, ko in ɗaya ya rasu magada su ka raba kamfanin. Abin da su ka amsa a rubuta shi. A shawarce su kowa ya nuna wa lauya takardar kafin ya sa hannu, wanda bai yi rajistar alamarsa ba kuma ya je ya yi. A yi kwafi uku, kowa ya ɗauki ɗaya, na ukun a ajiye a ofishin Hakimi cikin fayil ɗin da a ke ajiye takardun iyakar gonaki.